Ɗan Kama a Bayan Mai Ganga

Babana ɗan kama ne. Na daɗe ban iya faɗin wannan magana kai tsaye ba. Idan aka tambaye ni sana'arsa sai in ce manomi ne, kuma ban yi ƙarya ba, don yana da gonar masara da 'yar fadama a ƙauyenmu, tsakanin Funtua da Malumfashi. Amma ba da garma aka san shi ba. An san shi da tasbahar ƙwallon goruba mai kaiwa gwiwa, da takobin itace, da 'yar gangar gwangwani, da bakin da ke ɗaukar waƙar mutum ya mayar da ita ta abinci. Aikin 'yan kama ke nan. Makaɗi zai ɓata shekara yana gyara waƙar wani jarumi, ɗan kama ya kasa kunne, ya bar karin yadda yake, ya cire jarumin ya sa tuwo.

Wanda Baba ya fi bi shi ne makaɗin noman yankinmu, wani dogon mutum marar yawan magana da muka tashi muna kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Idan ana gayya, Baffa ne ke rataya ganga ya bi bayan manoma kunya kunya yana zuga su, ƙarti suna huɗa kamar za su tsaga ƙasa. Yakan kaɗa wa Musulmi, yakan kaɗa wa Maguzawan unguwannin da ke bayan rafi, kuma babbar waƙarsa ma ta wani Bamaguje ce, sarkin noman da ya buɗe wa mutane rumbunansa wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri. Sarkin noman ya mutu tun ina ƙarami, amma waƙar ta ci gaba da zama ita ce ake rufe gayya da ita. Farkonta cewa take:

Ya riga rana zuwa gona,
rana ta koma ta bar shi can.
Mai rumbu ba ya rufe ƙofa,
ci ka ɗiba ka kai gida.

Na sha ganin tsofaffin da suka ci hatsin nan suna sunkuyar da kai idan aka zo wurin. Sai Baffa ya ƙare, ya sauke ganga daga kafaɗa ya jingine ta jikin bishiya, mata su fara sauke akusan tuwon dawa da ƙoren fura, sannan Baba zai miƙe ya gyara tasbaharsa, ya ɗaure fuska irin ta Baffa, ya ɗan karkata wuya yadda Baffa ke yi, ya buga gwangwaninsa:

Ya riga kowa zuwa akushi,
kowa ya tashi ya bar shi nan.
Mai baki ba ya rufe ƙofa,
ci ka suɗe ka ce a ƙaro.

Mutanen da suka gama sunkuyar da kai su ne za ka ga suna faɗuwa a kan kunya don dariya. Baffa kuwa yana zaune da ludayi a hannu, yana girgiza kai yana cewa ɓarawo ya zo. Da haka yake kiran Baba har a gida. Idan ya zo ƙofarmu ba ya cewa ko maigidan yana nan, sai dai ko ɓarawona yana ciki. Kullum bayan la'asar suna zaune tare gindin wata tsamiya da ke gaban gidan Baffa, ɗaya yana surutu ɗaya yana shiru.

Baba yana da ƙa'idoji biyu da ban taɓa ganin ya karya ba a lokacin, kuma ban taɓa tambayarsa dalilinsu ba, don ni duk harkar haushi take ba ni. Ba ya buɗe baki muddin ganga na kafaɗar Baffa, ko da taro ya gaji yana kiransa. Kuma ba ya juya waƙa gaban mutanen da ba su ji ta gaskiyar ba. An sha gayyatarsa biki a wani gari ya tambaya ko makaɗin zai je, a ce a'a, shi kuma ya ce to sai dai ya yi musu kwaikwayon mai tallan magani ko na maroƙi, amma waƙar sarkin noma tana gida. Ni a lokacin na ɗauka tsabar iyayi ne.

Kunyarsa nake ji, gara in faɗa. A makaranta ba a barina in sha ruwa lafiya. Da an buga ƙararrawar tara sai wani ya ce a ɓoye kwano, magajin akushi ya iso. Na yi dambe a kan wannan har malamai suka gaji da ni. Da na gama sakandare na koyi buga takardu, na samu aiki a ofishin wani lauya a Funtua, na yi aure, na sa hula mai kyau, na bar mutane suna zaton ubana malami ne. Shekaru kusan ashirin ina zuwa gida da Sallah da lokacin girbi, in gaishe shi, in ɗauko buhun masarata in dawo.

A cikin waɗannan shekarun gayya ta yi ta ja baya. Maganin feshi ya cinye noman farko da maimai, masu hali suka koma hayar tarakta, sauran suka koma 'yan ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba ya bukatar a zuga shi da ganga. Sai Baffa ya shekara bai rataya gangarsa ba sai sau ɗaya ko biyu. Shi da Baba suka tsufa gindin tsamiyar nan, furfura ta rufe su. Ni kuma, ban san yadda aka yi ba, da na fara manyanta sai kunyar ta juye ta zama wani abu daban. Na ga yara a waya suna ɗaure ɗankwali suna kwaikwayon tsofaffi, duniya tana yi musu tafi, na ce a raina waɗannan ko jakar Baba ba su isa ɗauka ba. Abin da na ɓoye shekara da shekaru sai na wayi gari ina so kowa ya gani, kuma ina so a san ɗansa ne ni.

Ranar sunan ɗiyata ta uku Baba ya zo Funtua. Bayan an ci an sha, abokaina na wurin aiki da maƙwabta suna zaune a rumfa, na matsa kusa da shi na roƙe shi ya yi mana ta akushi. Ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya ya ce a cikinsu wa ya taɓa jin ta sarkin noma. Babu ko ɗaya. Ya ce to ai ba abin dariya a ciki, waƙar mai haɗama ce kawai. Na nace. Na ce sunan jikarsa ne, na ce ban taɓa roƙonsa komai irin wannan ba, kuma gaskiya ne, ban taɓa ba. Ina ganin wannan ne ya karya shi. Ɗan da ya yi shekara ashirin yana kauda kai yau shi ke cewa Baba yi mana. Ya ari faranti da cokali, ya ɗaure fuska, ya karkata wuya, ya yi ta daga farko har ƙarshe. Aka yi dariya har wani ya ƙware da lemo. Ni kuwa ina gefe da waya a hannu ina ɗauka, kuma kafin a naɗe tabarmi na sake ta ga duniya ban tambayi kowa ba.

Cikin 'yan makonni waƙar ta zagaya gari. Masu keke mai ƙafa uku suna sa ta, 'yan dako a kasuwar hatsi suna rera ta suna loda buhuna, masu abinci a tasha sun mayar da ita abin tsokanar masu ciniki. Wani abokina ya ce ya ji ta a Dandume, wani ya ce har Zariya. Kaina ya kumbura. Duk wanda ya kunna ta kusa da ni sai na san yadda na yi na ce ai mahaifina ne.

Ina cikin wannan jin daɗi babban ɗan Baffa ya zo ofishinmu. Tare muka tashi da shi, yanzu yana gyaran injinan ban ruwa a Malumfashi. Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya ce waƙar ubansa ce muka sace muka lalata, kuma ya ji ana cewa akwai dokar haƙƙin mallaka, to zai kai ƙara ko da zai sayar da shagonsa. Ni ma zuciya ta ɗebe ni, na ce ya je ya kai, ai ofishin lauya ya shigo. Da ya fita sai na tuna duk zamana a ofishin nan shari'ar gona da gado da haya nake bugawa, ban taɓa ganin ta waƙa ba.

Na shiga wurin Barista, lauyan da nake wa aiki, na zayyana masa komai. Ya yi dariya, ya ce ashe tsohon nan na waya ubana ne, shi ma matarsa ta tura masa. Sannan ya jawo littafin dokar ya buɗe, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce wanda ya ƙirƙiri waƙa shi ke da ikon hana a kwafe ta ko a juya ta ba da izininsa ba, amma dokar ta bar wasu ƙofofi a buɗe, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce ta kwaikwayon barkwanci da zambo da zanen da ake kambama kamannin mutum don a yi dariya. Dalilin, in ji shi, mai sauƙi ne: ba wanda zai ba ka izinin ka yi masa dariya, don haka in aka ce sai da izini, to an kashe sana'ar gaba ɗaya, kuma al'umma tana bukatar masu tsokanar manya. Ya ce sai dai alƙali zai duba ko an yi adalci wajen ɗaukar, wato me aka nufa da ita, nawa aka ɗiba, kuma ko sabuwar ta tare wa ta asalin kasuwa. Ya tambaye ni ko Baffa yana sayar da tasa. Na ce ko kaset bai taɓa yi ba.

Nan ya cire tabarau ya ce to ai maganar ma ba ta kai can ba. Doka ba ta kama waƙar da ke yawo a baki kawai, sai wadda aka ajiye a wani abu, ko a rubuce ko a naɗe. Idan ta Baffa ba a taɓa ɗaukarta ba, da wuya ɗansa ya samu abin da zai aza gaban alƙali. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, a cikin waƙoƙin biyu wadda take da ƙafar tsayawa a kotu yanzu ita ce ta babana, tunda ita na naɗa. Ya kamata wannan magana ta sanyaya mini jiki. Ba ta yi ba. Murna na yi, na buga hoton shafin, na ja layi da jan biro ƙarƙashin wurin da ya shafe mu, ranar Asabar na hau mota sai gida.

Na tarar da Baba a zaure bayan la'asar yana ɓare gyaɗa, abin da ban saba gani ba, don a wannan lokaci gindin tsamiya yake. Na gaishe shi, na zaro takardata na fara karanta masa ina fassarawa, ina ta ƙarin gishiri, ina cewa gwamnati da kanta ta san da zaman 'yan kama. Ya bar ni har na gama. Sannan ya tambaye ni ko ɗan Baffa ya gaya mini abin da ya faru a bayan rafi. Na ce a'a, ihu kawai ya yi mini.

Ashe jikokin sarkin noma sun yi taro bayan girbi, irin wanda suke yi don tunawa da kakansu, suka aiko aka ɗauki Baffa a babur. Ya gyara fatar gangarsa kwana biyu kafin ranar. Da ya rataya ta ya ɗauko karin, tun kafin ya ƙare layin farko samari da 'yan mata suka gane kiɗan, suka kwashe da shewa, suka amshe da ta akushi. Ba da mugunta suka yi ba. Su a saninsu tsohon ne yake kwaikwayon waƙar da ke waya, har wata ta ce bai iya ta daidai ba. Dattawa suka yi ta tsawa, amma taro ya riga ya ɓalle. Baffa ya tsaya da ganga a kafaɗa, ga dangin mutumin da ya yi wa waƙa suna rera mai baki ba ya rufe ƙofa. Ya sauke gangar ya nemi a mai da shi gida, kuma tun ranar bai fito gindin tsamiya ba. Baba ma bai je ba, don ya ce bai san da wane ido zai dube shi ba.

Takardar tana nan a hannuna. Baba ya nuna ta da haɓa.

“Takardar taka ta ce mu ke da gaskiya?”

Na ce haka ta ce.

“To ta faɗi wanda zai fara zuwa gaida wani, ni ko shi?”

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa, yana magana kamar da ita yake. Ya ce shi tunda yake bai taɓa neman izinin Baffa ba, kuma Baffa bai taɓa cewa a nema ba, don makaɗin da ɗan kama bai bi ba ai bai kai makaɗi ba tukuna. Abin da ke tsakaninsu shi ne kowa ya san wurin tsayawarsa. Mutane su fara jin ta gaskiya ta shiga jikinsu, sannan shi ya zo ya sassauta musu. Dariyar da ake yi masa, in ji shi, rabinta ta Baffa ce, don mai dariyar yana jin waƙa biyu ne a lokaci ɗaya, ɗaya a kunne ɗaya a zuci. Wanda bai san ta farkon ba kuwa guda ɗaya yake ji, kuma ita zai riƙe.

Na daɗe ina juya wannan magana, har yau ban gama ba. Dokar da Barista ya karanta mini ba ta yi kuskure ba. Da za a ce sai mai waƙa ya yarda, da babu irin su Baba, kuma na san garin da babu mai tsokanar kowa ba ya daɗin zama. Har tambayar da ta ce alƙali ya yi, ko sabuwar ta tare wa tsohuwar hanya, kusan ita ce ƙa'idar Baba. Sai dai ita doka kasuwa take dubawa, tana tambayar ko an rage wa mai waƙa masu saye. Baffa bai da masu saye. Abin da yake da shi wuri ne a kunnen mutanen yankinmu, kuma wannan wurin na ɗauka na ba ubana, ni da hannuna, don in burge abokan aiki. Mai yin dokar ya ɗauka duk wanda ya ji kwaikwayo ya san abin da ake kwaikwaya. A gonar gayya haka ne. A waya ba haka ba ne.

Washegari da hantsi na ce wa Baba ya tashi mu je, laifin nawa ne, ni zan yi magana. Ya yi ta jan ƙafa, ya canja riga sau biyu, daga baya ya biyo ni. Muka tarar da Baffa a ɗakinsa zaune kan buzu, ya rame, gangar tana rataye a bango an lulluɓe ta da tsohon zane. Na durƙusa na faɗi abin da na yi ban rage komai ba, har da cewa Baba ya ƙi ni ne na matsa masa. Baffa ya saurara, ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya kuma ce in gaya wa ɗansa ya bar maganar kotu, su ba a san su da wannan ba. Bai dubi Baba ba, kuma bai ce ɓarawo ba. Sai ya kira shi Malam, ya ce Malam ya zauna mana. Na ga Baba ya runtse ido kamar an mare shi.

Na ce ina da roƙo. Ina so ya yi waƙar sarkin noma in naɗa, in sake ta yadda na saki waccan, mutane su san wadda ta riga. Ya girgiza kai. Ya ce ba ƙi ya yi ba, ya gwada shi kaɗai a ɗakin nan ba sau ɗaya ba. Da ya ɗauko layin farko sai ya ji shewar nan, kafin ya kai na uku sai ya ji bakinsa yana neman zamewa zuwa akushi. Ya ce tsakiyarta ma, inda ake jero gonakin sarkin noma da sunayen shanunsa, ta fara kwance masa, tunda an daɗe ba a yi ba.

Can sai na ji Baba ya yi gyaran murya. Bai ɗaure fuska ba, bai karkata wuya ba, yana kallon ƙasa ya fara: ya riga rana zuwa gona. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ashe da can duk shaƙe ta yake yi don ta yi kama da ta wani. Ya wuce farkon, ya shiga gonakin ɗaya bayan ɗaya, ta bakin rafi, ta gindin dutse, ta auduga, ya jero shanun, ya zo shekarar da ruwa ya ɗauke, ya kawo matan da suka zo da ƙorai da duhun asuba don kada a gan su, da yadda sarkin noma ya juya baya don kada su ji kunya. Ni ban ma san akwai wannan wurin a waƙar ba, don a gayya hankalina yana kan akusa. Shekara arba'in yana tsaye a gefen gona yana jiran a sauke ganga, ashe duk tsawon jiran nan haddace ta yake yi. A wuri ɗaya kawai Baffa ya ɗaga hannu ya ce ba haka ba, a cikin shanun jan sa ne ke gaba sannan baƙin. Baba ya koma ya gyara.

Da ya ƙare Baffa ya share ido da bakin rigarsa ya dube shi.

“Ashe ɓarawon ajiye mani ita ya yi.”

Ya sa na sauko da gangar. Suka yi kwana uku suna bita gindin tsamiya, Baba yana ɗora shi a hanya duk inda ta kwance, a rana ta huɗu na naɗa. Baffa ne ya kafa sharaɗi, ya ce a yi yadda aka saba: shi ya yi tasa har ƙarshe, a gan shi ya sauke ganga ya jingine, sannan ɓarawo ya miƙe, kuma a haɗe su wuri guda kada a raba. Haka na yi. Baffa ya kai ƙarshe, kuma da Baba ya buga gwangwani har da shi a masu dariya.

Zan so in ce abin ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Dattawan bayan rafi sun aiko da godiya, wasu tsofaffi a Malumfashi sun nemi a tura musu. Sauran mutane kuwa waƙar ta yi musu tsawo. Ba a yi mako ba na ga wani ya yanke ta daidai inda Baba ya miƙe, ya saki rabin na ƙarshe, kuma shi ne ya sake zagaya gari. Na kai wa Barista ƙara, ya ce yanzu kam akwai abin da za a iya yi tunda an naɗa, amma mutum nawa zan bi, kuma a ina zan same su. Ban gaya wa tsofaffin ba. Ina zaton sun sani, don ba wanda ya tambaye ni.

Baffa ya rasu da daminar da ta biyo baya, masara tana fidda gemu. Ɗansa ne ya kira ni da kansa, kuma shi ya ce gangar ta zauna a wurin Baba. Tana rataye a zaurenmu yanzu, kusa da tasbahar goruba da takobin itace.

Bara da Sallah wasu matasa suka zo daga Funtua da kyamara, suka ce suna shirya wani shiri kan masu barkwancin gargajiya, suna so Baba ya yi musu ta akushi. Masu ladabi ne, har sun zo da takardar izini ya sa hannu, sun ce doka ta ba shi dama, ba wanda zai tuhume shi. Ya ba su tabarma da ruwa, ya yi musu kwaikwayon mai tallan magani suka yi dariya har da hawaye. Da suka koma kan ta akushi sai ya ce su yi haƙuri. Ɗayansu, wanda ya ga cikakken faifan, ya ce ai ƙa'idar ita ce sai mai ganga ya sauke, kuma ga shi ya sauke. Baba ya ɗaga kai ya dubi gangar a bango.

“Ya sauke kam,” in ji shi. “Amma ba irin wannan saukewar nike jira ba.”

Suka naɗe wayoyinsu suka yi sallama. Na raka su bakin titi, da na dawo na tarar ya jawo kwandon gyaɗarsa yana ɓarewa, yana rera ta sarkin noma ƙasa ƙasa, ya zo wurin shanun yana sa jan a gaba.